Tubalin Azurfar Matan Tolland

San Francisco, 9 ga Maris, 1897

Zuwa ga Mamata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya ƙafar taki da sanyin nan? Ki gaishe mini da Inna Keziah da duk wanda ya rage a layinmu.

Ni lafiyata lau. Na bar gidan wankin nan, hannuwana sun huta da ruwan zafi. Yanzu aikatau nake yi a gidan wani attajiri, Mista Pruett, can bisa tudu inda ake hango teku ta taga. Uwargidan ba ta da faɗa, sai dai sunana ya gagare ta. Lucy take ce mini, ni kuma na ƙyale ta, tunda ba ta rage mini abinci a kan haka.

Maigidan yana da wata irin lalura: tara tubalan azurfa. Ƙananan nan da masu gwajin azurfa ke zubawa su buga musu hatiminsu. Ɗaki guda ya ware musu, kowanne kwance a kan ƙyalle mai laushi kamar jariri, wasu daga garuruwan da yanzu ko kare babu a cikinsu. Ba ya sayarwa, ba ya narkarwa, kallo kawai. Kuku ta ce in ya sha ya yi nak har hira yake yi da su.

Ranar Litinin aka ba ni goge gilasan ɗakin. Ina cikin gogewa, Mama, sai na ga namu. Na cocinmu. Na zaci idona ne, na murza, na sake dubawa. Rubutun nan ne da na koyi karatu a kansa: "Domin mazan da suka rage a ramin Corvina, 1879." Sunayen suna jere, na Baba shi ne na uku, SAMPSON TREVASKIS, ga hatimin Kawu August Rehmke a gefe.

Na tambayi kuku ko ta san daga ina aka samo shi. Ta ce, "Ke dai goge ki wuce, yarinya. Ni da na zo gidan nan na tarar da shi, kuma na daɗe."

Shin guda biyu Kawu August ya zuba? Ba ki taɓa gaya mini ba. In biyu ne to shi ke nan, amma ni dai ba na son sunan Baba a ɗakin da ake shan taba ana dariya.

Ki rubuto mini da wuri. Ubangiji ya kiyaye ki.

'Yarki,
Loveday

*

Tolland, Nevada, 21 ga Maris, 1897

Loveday 'yata,

Na sami wasiƙarki, na gode Allah da kika bar wankin nan. Ƙafa tana nan yadda kika san ta.

Da na karanta zancen tubali, haushinki na ji. Na ce yarinya ta je birni ta fara ganin abin da babu. Guda ɗaya aka zuba. Da me za a zuba na biyu? Kina ƙarama lokacin, ba za ki tuna ba. Da wuta ta tashi a ramin haƙar azurfar ta ƙi mutuwa, kamfani ya toshe shi da mutanenmu a ciki, ko takalmi ba a fito mana da shi ba. Ba mu da kabarin da za mu je. Shi ya sa muka tara abin da muke da shi na azurfa. Keziah ta ba da cokulan aurenta. Matar Uren ta ba da ƙoƙon da aka yi wa 'ya'yanta baftisma da shi tun a ƙasarmu Cornwall. Ni na ba da agogon ubanki, wanda ya manta a kan tebur ran nan da safe. August ya karɓa da hannu biyu yana hawaye, ya ce ko sisi ba zai karɓa ba, Sampson ɗan'uwansa ne.

Na rubuta miki duk wannan da zafi, na ninke takardar zan kai gidan waya. Sai ƙafata ta kai ni gidan Keziah.

Ta saurare ni tana murza ƙullu. Ta ce, "To me muke jira? Makullin akwatinsa yana wurina tun da fasto ya daina zuwa."

Na ce, "Keziah, kabari fa za mu buɗe."

Ta ce, "In kabari ne sai mu roƙe su gafara. In ba kabari ba ne fa?"

Muka je da rana tsaka, cocin ba kowa sai ƙura. Ta buɗe akwatin gilashin. Kin san duk shekarun nan ban taɓa riƙe shi a hannuna ba? Ba wadda ta taɓa. Na ɗaga shi, na kasa yin komai. Keziah ce ta zaro wuƙar dankalinta daga aljihu ta ɗan kankare ƙasansa. Farin ya ɓare kamar ɓawon albasa. Abin da ke ciki toka-toka ne, wuƙar tana shiga kamar a sabulu. Ni matar mahaƙi ce, 'yar mahaƙi, ba sai an gaya mini dalma ba.

Keziah ta zauna a benci ta ce, "Cokulana." Sai can ta ƙara cewa, "Kowace Lahadi fa ina gaya wa abin nan labarin yara."

Ba mu gaya wa sauran ba tukuna. Wani ya shiga ya musanya mana, ban san ko yaushe ba. Zan rubuta wa August a Denver, shi ya san aikinsa, shi zai gaya mana yadda aka yi. Ke kuma ki kama bakinki a gidan nan kada ki rasa aikinki.

Ki riƙa sa rigar sanyi, iskar teku ba ta da kirki.

Uwarki,
Thomasine Trevaskis

*

Tolland, Nevada, 23 ga Maris, 1897

Zuwa ga August Rehmke,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Na ga kyautar Kirsimeti da ka aiko, shayin ya yi daɗi, har na raba wa maƙwabta. Ba ka taɓa manta mu ba ko shekara ɗaya, Allah ya saka maka.

August, ba ni da iya tsara magana, ka san ni. Tubalin da ke cocinmu dalma ne da fatar azurfa. Ni da Keziah Pascoe muka kankare muka gani da idonmu. An kuma gaya mini an ga irinsa sak a gidan wani mai kuɗi a San Francisco, da sunayen da hatiminka.

Ba ni da wanda zan tambaya sai kai. Kai ka zauna a teburina kana cin gurasar nama tare da Sampson kowace Asabar. Kai ka ɗauki Loveday a kafaɗa ranar da aka toshe ramin don kada ta ga ina birgima a ƙasa. Ka gaya mini, wa zai iya yin irin wannan aikin? Ana iya kwaikwayon hatimin mutum? A wane hali aka fitar da shi ba mu sani ba?

Mu nan mun zama tsofaffi, garin ma ya kusa ƙarewa. Injin niƙa dutse ya yi shiru, an kwashe rabin gidaje an kai wani wuri. Abin da ya riƙe wasunmu a nan shi ne ba ma son mu tafi mu bar su. Yanzu ban san me muke gadi ba.

Ka taimake ni da amsa. Ka huta lafiya.

Matar amininka,
Thomasine

*

Denver, Colorado, 2 ga Afrilu, 1897

Zuwa ga 'yar'uwata abar girmamawa, Thomasine,

Gaisuwa irin ta zumunci, tare da addu'ar Allah ya ƙara miki lafiya da haƙuri. Wasiƙarki ta same ni a wurin aiki, kuma tun da na karanta ta na kasa taɓa ma'auni.

Ina so ki natsu ki ji ni. Abin da ya fito daga tukunyata a shekarar nan azurfa ce tsantsa. Da hannuna na narka agogon Sampson, ban bar wani ya taɓa ba. Shekara talatin ina wannan sana'a, daga Nevada har Colorado, kuma ba a taɓa dawo mini da abin da na buga wa hatimi ba. Sunana shi ne dukiyata, kin sani.

Game da tambayarki: ƙwarai, ana iyawa. Duk wanda ya sami tubalin a hannunsa na ɗan lokaci zai iya danna shi a cikin yumɓu ya sami siffarsa, rubutu da hatimi duka. Sai ya zuba dalma, ya kai wa mai shafen azurfa a kowane birni. Ba ya buƙatar ilimi mai yawa, hannu mai kyau kawai yake buƙata, da makulli, da kuma amincewar mutane.

A nan ne alƙalamina yake yi mini nauyi. Ba na zargin kowa, Allah ya sani. Tambaya kawai zan yi, ke za ki fi ni sanin amsa. Wa ya taɓa buɗe akwatin tun da aka rufe shi? Na tuna wata shekara kin rubuto mini cewa gilashin ya tsage, ɗanki Jabez ya ɗauke akwatin ya kai gida ya canja. Na kuma tuna ba a daɗe ba ya tafi Butte, bayan saɓanin da kuka yi. Matashi mai fushi, mai son ya kafa kansa a sabon gari, wani lokaci yakan ga abu ya ce ai rabon ubansa ne. Ban ce haka aka yi ba. Yaron a gabana ya girma, ina ƙaunarsa.

Shawarata, a matsayin wanda ya girme ki, ita ce ki rufe maganar nan. Ki roƙi Keziah ta yi shiru. Me sauran matan za su ƙaru da shi ban da baƙin ciki? In kuma magana ta kai ga hukuma, ba ki san sunan wa za a kira ba.

Na sa a aiko miki da bargo mai kauri saboda ƙafarki. Matata tana gaishe ki.

Naki da aminci har kullum,
August Rehmke
Mai gwajin zinariya da azurfa

*

Tolland, Nevada, 11 ga Afrilu, 1897

Loveday,

Ina gaishe ki. Ni ba lafiya ba, ba ciwo ba.

August ya amsa. Na sa miki wasiƙarsa a cikin wannan, ki karanta da kanki, don bakina ba zai iya maimaitawa ba.

Na yi ta juya abin. Yayanki ne kaɗai ya taɓa fitar da akwatin nan daga coci, kwanaki yana rumfarsa ta bayan gida. Kin tuna faɗan da muka yi? Na ce muddin ina numfashi ɗan Sampson ba zai shiga rami ba. Ya ce, "To in ci me, Mama, ƙurar Tolland?" Ya tafi ko sallama babu. Na sha tambayar kaina yadda aka yi ya isa Montana, ya kama ɗaki, har ya yi aure a shekarar. Ashe amsar tana gabana kowace Lahadi.

Keziah ta ce kada in yi gaggawa. Ta ce, "Thomasine, yaron nan da ko ƙwai ba ya ɗauka a akurkina sai ya tambaya?" Na ce mata yaro daban, namiji mai fushi daban. Ta ce ni dai taurin kaina ne zai kashe ni.

Na rubuta masa jiya, wasiƙar ta riga ta tafi. Ban ɓoye komai ba. Na ce masa ya sayar da ubansa. Na ce ranar da na mutu kada ya zo, kada a ce masa ya ɗauki akwatin gawata, don ban san me zai cire a ciki ba. Na san magana ce mai nauyi. Da nauyinta na faɗe ta.

Kada ki rubuto kina ba ni haƙuri. Ki yi aikinki. In kin shiga ɗakin nan ki goge sunan ubanki da kyau, tunda ke Allah ya kai kusa da shi.

Uwarki

*

San Francisco, 17 ga Mayu, 1897

Mama,

Ina gaishe ki, amma ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa. Ki kira Inna Keziah ta zauna kusa da ke.

Jiya Lahadi aka yi baƙi a gidan nan, cin abincin rana. Tun safe kuku take mita wai tsohon abokin maigida ne zai zo daga Denver, wanda yake samo masa tubala. Ban kawo komai a raina ba. Ina shiga da miya sai na gan shi. Ya yi ƙiba, gemun ya yi fari, amma dariyar nan tasa tana nan. Kawu August. Ya kalle ni kamar yadda ake kallon kujera, ya miƙo kwanonsa.

Da aka gama ci, maza suka koma ɗakin tubala, aka ce in kai musu kofi. Ina jera kofuna na ji yana ce wa maigida ƙasa-ƙasa, "Na Tolland ɗin nan, da ka ɗan sa shi a aljihun tebur na wani lokaci. An fara surutu."

Mista Pruett ya fashe da dariya. Ya ce, "In ɓoye sarkin ɗakin? Haba Rehmke! Ku matso ku ji, wannan ya fi duk sauran labari." Ya buɗe gilashi ya fito da shi, yana jujjuya shi a hannu ɗaya, ɗaya hannun da sigari. Ya ce shi yana Tolland a makon da aka zuba shi, ya je duba wani rami. Ya shiga shagon Kawu August ya gan shi a kan tebur, ko gama hucewa bai yi ba. Ya ce a ransa ba zai bar garin ba sai da shi. "Na yi ta bin mutumin nan, yana ce mini na matan da aka bari ne. Kafin jirgina ya tashi dai muka daidaita. Ya zuba musu wani, ya kai coci da kansa, ana ta waƙa. Gaya musu me ka ce wa matan, Rehmke."

Kawu August ya ce, "A bar tuna baya."

"Faɗi mana!"

Mama, na ga lokacin da ya zaɓa. Ya dubi manyan mutanen nan suna jiransa da murmushi, sai ya gyara zama. Ya ce, "Na ce musu gumin hannu yana ɓata azurfa, a kulle, kada kowa ya taɓa." Aka yi dariya. Dariyar ta yi masa daɗi, sai ya ƙara. Ya ce, "Ai ban cuce su ba. Abin da za su yi wa kuka suke nema, dalma kuwa tana ɗaukar hawaye daidai da azurfa." Har ya kwaikwayi maganarmu ta mutanen Cornwall, yana matse ido yana cewa, "Allah ya biya ka, Mista Rehmke."

Muryarki ce ya kwaikwaya. Na gane ta.

Ban san lokacin da na dire butar ba. Na ce, "Kawu August, Mama tana gaishe ka. Ta ce bargon ya iso."

Kawu August ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Wace ce wannan?"

Na ce, "Duba hannun maigida. Suna na uku, ubana ne. Ni ce ka ɗauka a kafaɗa."

Kofin hannunsa ya karkace, kofi ya zube masa a wando bai ma sani ba. Ya ce, "Loveday? Yarinyata, ba ki fahimci zancen manya ba, raha ce kawai..."

Na ce, "Ka ce wa uwata ɗanta ne ɓarawon."

Ya ce, "Ban ce ba! Tambaya kawai na yi."

Na juya wurin maigida. Na durƙusa, Mama, ni da kika hana durƙusa wa kowa. Na ce masa mutanen nan ba su da kabari, agogon ubana yana cikin abin da ke hannunsa, ya yi wa Allah ya mayar mana. Bai yi fushi ba, da ma ya yi. Ya dube ni da sha'awa, ya ce, "Ashe 'yar ɗaya daga cikinsu tana gidana! Kun gani? Agogo kika ce? Wane iri?" Sai ya ce shi saye ya yi ba sata ba, kuma nan da shekara goma Tolland ba za ta wanzu ba, a ɗakinsa ne kaɗai za a san an yi mutanen. Ya mayar da shi ya kulle.

Uwargida ta sallame ni da yamma, wai na kunyata baƙo. Kuku ta cusa mini burodi da nama a jaka, ta ce, "Da ni ce da butar zan kwaɗa masa." Ina wurin wata ƙawata yanzu, gobe zan koma neman wanki. Kada ki damu da ni.

Tun ranar farko dalma ce, Mama. Yaya Jabez bai kai shekara goma ba a lokacin.

Ki rubuta masa yau. Don Allah yau.

'Yarki,
Loveday

*

Tolland, Nevada, 30 ga Mayu, 1897

August Rehmke,

Ba zan gaishe ka ba. Uwata ta koya mini a fara wasiƙa da gaisuwa, Allah ya yafe mini, yau na saɓa mata.

Na tara matan a coci ranar Laraba, mu da muka rage. Keziah ta karanta musu wasiƙar 'yata daga farko har ƙarshe, har wurin da ka yi muryata. Ba wadda ta yi kuka. Ka so ka gani, kai da ka san abin da ke ɗaukar hawaye.

Keziah ta ce a jefa shi a tsohon rami. Wata ta ce a aika maka da shi, ka rataya a wuya. Matar Uren, wadda yanzu ba ta gani, ta ce a miƙo mata. Ta shafa shi har ta sami sunan mijinta da yatsa. Ta ce, "Sunayen dai na gaskiya ne. Akwai guda ɗaya a nan da ba na mutum ba." Muka kira maƙeri ya zo da magagari. A gabanmu ya goge hatiminka har wurin ya zama rami. Mun mayar da shi, ba mu kulle ba. Duk mai so ta taɓa.

Azurfar da ka sayar, ka sayar. Mu ba mu da ƙarfin shari'a da masu gidaje a kan tudu. Na yi tunani, da abin ya tsaya a nan, wataƙila wata rana in ce Shaiɗan ne ya rinjaye ka a mako guda, ka yi ta aiko da shayi kana neman sauƙi. Amma na zo maka a matsayin wadda ba ta da kowa, na tambaye ka gaskiya. Kana zaune a kujera mai laushi ka duba cikin gidana, ka ga inda ya tsage, ka sa wuƙa daidai wurin. Ka san ni da ɗana ba ma magana. Ni na gaya maka, da hannuna, don na ɗauke ka ɗan'uwa.

Na rubuta wa Jabez sau biyu. Shiru. Kullum ina gidan waya kafin a buɗe, har mai gidan wayar ya fara kau da kai in ya hango ni.

Bargonka yana hanya, ban shimfiɗa shi ba. Kada ka sake aiko da komai. In ka mutu kafin ni, kuma ka tarar da Sampson, ka yi masa muryata ka ga ko zai yi dariya.

Thomasine Trevaskis

*

Butte, Montana, 4 ga Yuli, 1897

Mama,

Ina gaishe ki. Wasiƙunki duka sun iso. Loveday ma ta rubuto.

Ta farkon a bakin rami aka miƙo mini, na karanta, na sauka da ita a aljihu.

Ranar da na canja gilashin na ɗaga tubalin na ga inda fatar ta kumbura. Na san dalma ce. Na zauna a rumfa na rasa yadda zan yi. Na ce in na faɗa, me zai rage miki? Sai na mayar na yi shiru. Ban san wa ya yi ba, ban kuma taɓa zaton za a ce ni ne ba.

Kin ce Rehmke ne ya ruɗe ki. Na yarda. Amma shi tambaya ya yi. Amsar ke kika ba da, kuma rubutun hannunki ne.

Matata Nora ta haihu a watan Afrilu, namiji, lafiyayye. Na so in kawo miki shi da rani. Yanzu ban sani ba. Ba na cewa ba zan zo ba, Mama. Kada dai ki riƙa zuwa gidan waya da ƙafar nan.

Ki gaishe da Inna Keziah.

Jabez